Muciyar Ƙarfe

A Salford, ƙarƙashin bene, akwai wani ɗaki,
ba taga, ba ko ƙusar rataye riga.
Bango ƙarfe, rufi ƙarfe,
ƙofar na rufuwa kamar murfin tukunya.

Nan nake aiki tun Oktoba.
Nakan saki igiyar lantarki ta bakin eriya,
ta daki bango, bango ya ce ba tawa ba ce,
ya miƙa wa na gabansa, shi ma ya ƙi.
Haka take gararamba, baƙuwar da ba masauki,
har ta yi kiciɓis da kanta tana dawowa.

Inda suka gaisa, ƙarfi ya ninka.
Taku ɗaya gefe, sun kashe juna, tsit.
Na taɓa dasa na'ura a irin wannan gurbi
har na rantse ta lalace.
Morwenna ta matsar da ita taƙi guda,
allura ta zabura.

A tsakiya akwai muciyar ƙarfe, ta fi ni tsawo,
tana tuƙa abin da ido bai gani.
Kowane juyi, ɗakin ya sake magana.
Awon farko ƙarya, na biyu tsegumi,
na ɗari bakwai bai san an yi na farko ba.
Sai ka tara dubu a faifai ɗaya
sannan tudu ya fito a allon kwamfuta,
gaba a tsaye, wutsiya doguwa,
shi ɗin dai, ko Litinin ko Juma'a.

Morwenna ta ce, kar ka tambayi ɗakin nan ina,
tambaye shi sau nawa.

Ina yaro a Kazaure nakan cusa kai a randar Inna
in ruwa ya yi ƙasa, in ce Ɗanjuma,
randa ta ce uuma, da muryar babban mutum.
Inna ta ce fito min da kai, za ka sa mata ƙwarƙwata.

Jiya na kashe eriya, na duba agogon na'ura.
Kafin ƙiftawar ido ɗakin ya manta komai,
bangon ya shanye, kaɗan kaɗan, a kowace gaisuwa.

A bas mai lamba hamsin, ruwa na bin gilashi,
na jingina kai.
Shekara tara da kashe waccan eriyar,
har yanzu fito min da kai na dukan bango,
wani wuri tsit,
taƙi guda gefe kuma allura ta zabura.