Kukan Gyare a Salula

Ƴaƴana uku, kowa da ƙwaron da ke kwana da shi.

Harira tana Kwatano, bakin teku.
Ta ce, "Inna, kyankyason nan ya kai dabino girma,
kin ɗaga takalmi, sai ya buɗe fiffike ya yo kanki.
Gishiri na jiƙewa cikin kwalba.
Kiyashi sun san inda na ɓoye sukari
tun kafin in rufe murfin."

Ilu yana Arlit, inda ruwan sama ke zuwa baƙunta.
Sauro can ba shi da dangi, in ji shi,
amma ba ya sa ƙafa a takalmi
sai ya kakkaɓe sau uku,
don kunama ma tana son inuwa.

Ni kuwa nan Bagalam ban rasa kowa ba.
Gara ta cinye azarar ɗakin mahaifinsu,
ta bar mini fatar itace lafiya lau,
na taɓa da yatsa, sai ƙasa.
Gulbi ya kawo ruwa, sauro ya biyo bayansa,
tun magariba nake soke sange ƙarƙashin katifa.
Ƙuda kan riga ni ɗanɗana fura.
Ruwan farko, shinge ya rufe fitila,
yaran maƙwabta na binsa da kwano.
Fara kuwa, ta ci mana gero, mu ci ta da yaji,
ba mai bin wani bashi.

Sai autana Laminu, can Kanada wurin karatu.
Ya ce wata biyar bai ga ƙuda ba.
Na ce, "To, ka huta."
Ya yi shiru.
Asu kaɗai ya huda masa rigar sanyi,
shi ma bai gan shi ba, hujin kawai ya gani.
Taga a rufe, bango ba tsaka,
dare ba ya cewa komai.

Jiya an ɗauke wuta ya kira.
Muka gama gaisuwa, na ce, "Kuɗinka na ƙonewa."
Ya ce, "Inna, kar ki kashe.
Aje ta kusa da randa."

Gyaren da na yi kwana uku ina nema da tsintsiya
yana can ƙarƙashi, yana ta aikinsa.

Na aje.
Na koma bisa tabarma.
Sauro ya sauka a idon sawuna, ya sha, ya ƙara,
ban mare shi ba,
kar in katse musu hira.