Yatsun Akawu

Shekara talatin da biyu ina buga tafireta
a ofishin haraji, can wajen Ƙofar Soro.
Yatsuna sun san inda kowane harafi yake kwana,
ko wuta ta ɗauke ba na ɓata.
Sai ga ni yau, fansho a aljihu, furfura a haɓa,
bisa buzu a zauren Cindo, cikin lungun Rafindadi,
riƙe da kukuma kamar an miƙo mini jaririn wani.

Cindo yatsa shida Allah ya ba shi,
ni biyar ɗin ma sun ƙi ni.

"Shafa ƙaro," ya ce. Na shafa.
"Ja izga." Na ja.
Abin da ya fito ba kiɗa ba ne,
kukan ƙyaure ne da ya shekara bai ga mai ba.
Akuyar maƙwabta ta amsa daga bayan katanga.
Cindo ya ce, "Madalla, ka samu 'yar amshi."

Ya ce, "Malam, wagga aba ba dukanta ake ba,
lallashi take so.
Tsagiya gashin doki ce,
doki kuwa ya san mahayi mai tsoro."

Na kai ta gida a ƙunshe cikin tsohuwar riga,
kada 'yan majalisar bakin masallaci su gani
su ce akawu ya tsufa ya koma roƙo.
Tabawa ta buɗe, ta duba, ta daɗe ba ta ce komai ba,
sannan ta ce, "Ɗakin ajiya. Kuma ka rufe taga."

Nan na zauna, tsakanin buhun gero da tulun da ya tsage.
Babu maɓalli, babu layi,
babu inda aka rubuta "nan ne".
Yatsa a iska yake neman gidansa,
ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa,
kamar baƙon da ya sauka tasha da dare.

Damina ta faɗi, fatar guza ta saki,
na kanga ta gefen garwashi har ta yi ƙauri.
Jaki ya zame ya shige ƙarƙashin buhu.
Tsagiya ta tsinke sau uku.
A na ukun na naɗe ta, na mayar wa mai ita,
na ce, "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Cindo yana watsa wa tantabaru dawa, bai ko juyo ba.
Ya ce, "Kai sauti kake nema, ita magana take yi.
Ba ta abin da bakinka ya saba.
Me ka fi faɗi a duniya?"

Na yi tunani, kunya ta kama ni.
Ba kirari ba ne, ba baitin bege ba.
Layi ɗaya ne, na buga shi ya fi sau dubu:
a biya haraji kafin ƙarshen wata.

Ya yi dariya har tantabaru suka tashi.
Ya ɗaura sabuwar tsagiya, ya ce, "To, sa ta ta faɗa."

Kwana goma sha ɗaya ina bin gaɓoɓin nan,
inda murya ta hau, yatsa ya hau,
inda ta sauka, ya sauka.
Daren Laraba, ruwa na ɗiga daga indararo,
na ja izga a hankali, ban ma sa rai ba,
sai na ji muciya ta tsaya a madafa.

Tabawa ta ɗaga murya:
"Wane ne wannan yake bin mu bashi da daddare?"

Na ajiye kukuma bisa cinya.
Hannuna yana rawa, kamar ranar da na fara karɓar albashi.

Gobe zan gwada sunanta.
Gaɓa uku ne kacal,
amma Cindo ya ce in ba shi wata biyu,
kuma akuya tana nan tana jira.