Gammon Wuta

Asuba a Jahun, tanda ta hau murhu,
ƙullun masa ya kwana ya tashi,
masu kwanuka ba su fara layi ba tukuna.
Inna ta ce, "Wai me kake aunawa a can ƙasar sanyi?"

Na ce, Inna, tukunya ce mai siffar gammo.
Iska ake gasawa a cikinta
har ta bar zama iska, ta koma filasma,
ta fi cikin rana zafi.
Ba ƙarfen da zai iya riƙe ta,
sai maganaɗisu ya tsare ta a tsakiya
kamar akuya a turke, ba igiya.

"Kuma tana zama?"

Ina fa!
Gefenta rawa yake, yana zillo,
yana satar zafi yana kai wa bango.
Wannan rawar nake aunawa.

Allura gare ni ta tangistan,
ba ta fi tsinken sakace kauri ba.
Ta leƙa gefen ta dawo kafin ƙiftawar ido,
ta aiko mini da labari ta waya:
zane a allo, hawa da gangara,
sau dubu ɗari kafin ki ce kwabo.
In ta daɗe a ciki, ta narke.
Sha ɗaya na ƙona a shekarar farko,
maigidana ya yi mako biyu bai amsa gaisuwata ba.

Inna ba ta tanka ba.
Ta tsoma yatsa a ƙullu,
ta ɗiga ɗigo guda a bakin tanda.
Ya ce cuu.
Ta karkata kunne,
ta janye itace ɗaya daga murhu.

"Na tsakiya ba ruwansa," in ji ta,
"gurbin gefe ne ke ƙona mini masa.
Shekara talatin da shi nake rigima."

Na dubi yatsan, ya yi kanta,
farcen ya dafe.
Ni kuwa tsakanina da wutata
akwai katanga biyu da ƙofar ƙarfe.

"To yaushe tukunyar taka za ta ba mu lantarki?"
Na ce, da saura, Inna.
"'Yan Nefa ma haka suke cewa."

Ta juye uku a faranti, ta barbaɗa yaji.
"Ci, Sabi'u, kafin ta huce.
Wannan dai an gama auna ta."