Kunya Uku a Sheffield

Shekara tara ina yi wa ciyawar nan aski
duk Asabar ɗin da ruwa ya ɗaga ƙafa.
Ciyawar da ba akuya, ba tunkiya,
ba ko zomon da zai ce an gode.
In aske, in tara, in cusa a kwandon shara,
mota ta zo ta kwashe.

Ran nan na ja igiya daga gindin shinge
zuwa inda Tabawa ke shanya,
taku shida a tsaye, huɗu a kwance.
Kanti uku na zaga neman fartanya.
Yaron kanti ya dubi hoton a wayata,
ya miƙo min shebur.

Ashe ciyawar Turawa tabarma ce,
ka yanka, ka zura baki, ka naɗe.
Ƙarƙashinta laka, baƙa, mai sanyin randa,
tana na murɗe-murɗe, ta ga rana ba shiri.
Na tono guntun kofin shayi mai shuɗin fure,
da ƙusa mai tsatsa, da ɓarɓashin kwal,
da ƙwallon gilashin wani yaro
wanda in yana raye ya yi jika.
Ba ni na fara durƙusawa a nan ba.

Misis Holroyd ta leƙo ta kan shinge:
"Ka yi gaggawa. Sanyi bai gama da mu ba,
bari Mayu ta tsufa."
Na ce a garinmu ruwa muke jira.
Ta ce nan ruwa ne ke jiran ka.
Ta miƙo irin dankali cikin kwalin ƙwai,
kowanne da tsiro kamar ƙahon ɗan akuya.

Taki kuwa saye na yi,
buhu huɗu, fam ashirin, har da rasit.
Da Baba Barau na da rai
da ya yi dariya har hula ta faɗi:
kashin doki a leda, da hoton fure a jiki!
Shi da tun bazara yake kai na turke gona a mangala,
ba wanda ya taɓa ce masa kawo sisi.

Kafin azahar baya ya fara magana.
Hannun da ya saba da biro
ya yi bororo biyu, ɗaya ya fashe.
Ilu ya fito, ido a kan waya:
"Baba, me kake binnewa?"
Na ce kunya nake yi.
Ya ce kunyar wa?
Hausar yaron nan rabi ce, kunya ɗaya ya sani.
Na kama hannunsa na ɗora kan tudun ƙasa:
wannan ma sunanta ke nan.
Ya kifa wayar kan bokiti.
Ta ukun shi ya ja,
a karkace kamar sawun maciji.
Ban gyara ba.

Cikin ambulan ɗin da Yaya Hajjo ta ba ni a Bakori
akwai alayyahu, akwai yakuwa, akwai kuɓewa.
Na san kuɓewa ba za ta yi ba,
ranar garin nan ta aro ce,
mai ita kan karɓe tun ba a gama ba.
Na san katantanwa marasa gida
za su fito da dare su yi walima.
Duk da haka ƙwaya bakwai na kan taga
cikin robar yogot, suna kallon titi.

Da magariba sai yayyafi.
Na tsaya ƙofar kicin da laka har ƙwauri,
Tabawa na faɗan tayil ɗinta.
Na shaƙa. Ba ƙamshin ruwan fari ba ne,
ƙasar nan ba ta san ƙishi ba
balle ta yi godiya da ƙamshi.

Amma wani tsuntsu mai jan ƙirji
ya sauka kan kunyar Ilu,
ya zaro tana, ya dube ni da ido ɗaya,
kamar mai karɓar zakka
tun ba a yi shuka ba.