Cocin da Ya Ƙi Tsayuwa

Fasto Filibus ya ce hoto ɗaya yake so,
na kalandar cika shekara sittin.
Na ce wannan ai ba aiki ba ne,
gini ba ya ƙifta ido,
ba ya cewa a sake, ɗankwalina ya karkace.

Na tsaya dab da matakala, na ɗaga kyamara sama.
Da na duba, coci na faɗuwa da baya.
Bango biyu sun karkata suna raɗa,
hasumiya ta tsuke kamar bakin mazurari,
gicciye ya rasa rabin hannu.

Na kai wa Baba Istifanus a shagonsa na Rikoto,
shi da ya ɗauki aure da suna a Zuru
tun ana wanke hoto a ɗakin duhu.
Ya kawo kusa da ido, ya kai nesa.
Ya ce, "Rifkatu, magina ba su cuce ki ba.
Ke kika leƙa shi ta ƙarƙashin haɓa.
Wanda ya rungumi dutse ba ya ganin dutse.
Ja da baya.
Riƙe ta miƙe, kamar ƙwarya cike da kunu."

Na ja da baya.
Wayar lantarki ta tsaga sama gida biyu.
Na matsa hagu, ga babur ɗin mai gadi.
Na matsa dama, akuya ta hau matakala
tana tuƙa kamar ita ta biya kuɗin siminti.
Rana tsaka, kwano na ƙyalli har ido ya ƙi,
tagogi sun zama ramuka baƙaƙe.

"Da wane lokaci kika je?"
Na faɗa masa. Ya yi dariya har da tari.
"Hasken tsakar rana ɗan sanda ne, duka yake yi.
Je ki tarbi na safe, mai sallama.
Kuma ƙofar nan, wa ya ce sai ta zauna tsakiya?
Ba amarya ba ce. Tura ta gefe,
ki bar wa ido hanyar da zai bi ya same ta."

Ran Laraba, kafin ƙararrawa,
na hau katangar Lami mai masa,
gwiwa na rawa, hayaƙi na shiga hanci.
Daga nan wayar ta ɓuya bayan reshen mangwaro,
reshen ya yi wa sama gira.
Rana ta leƙo ta kan duwatsu,
ta bi bango a kwance,
sai ga shatin hannun masu yaɓe,
ga inda aka ƙara gini da jama'a ta yi yawa.
Siririyar hanyar da ƙafafu suka share
ta taso daga kusurwa ta nufi ƙofa.
Bango ya tsaya. Gicciye ya cika.

Sai Kaka Asabe ta fito da tsintsiya.

Na jira ta wuce. Ba ta wuce ba.
Ta duƙa tana shara a hankali,
zanen zumunta ya koɗe a bayanta,
haske na gudu, Lami na cewa in sauko.
Na danna don haushi.

A shago Baba ya yi shiru da daɗewa.
Ya ɗora ɗan yatsa ya rufe ta:
coci ya koma akwatin ashana.
Ya ɗaga: ƙofa ta yi tsawon mutum uku.
"Kin gani? Ita ce ma'aunin."

Fasto ya ce gini kawai ya nema.
Ya sa tabarau, ya sake dubawa.
Ya ce, "Wannan da kanta ta ɗebo yashin tushe
daga rafi, tana goye da ni."
Bai ƙara magana ba. Ya biya.

Kalanda na rataye a shagon Lami yanzu,
mai ya ɗan taɓa gefenta.
Ni kaɗai na san can ƙasa, wajen hagu,
akwai kunnen akuya
da ban yanke ba.