Kusurwar da Ban Goge Ba

Shekara ashirin da bakwai ina goge allo
a ƙetaren kogi, cikin Yamai, ɗaki na huɗu.
Soso da bokiti su ne digirina.

Malam Asuman Barmu, mutumin Adar,
kan hayo gada tun masunta ba su janye koma ba,
bisa babur mai tari kamar tsohon mashayin taba,
aljihunsa fari fat da alli.
Ba kwalba, ba inji, ba waya.
'Yan unguwa su ce: wane irin masani ne wannan
da ko rediyo ba ya gyarawa?

Wata rana wuta ta ɗauke, ɗalibai suka watse.
Ya tuɓe babbar rigarsa, ya ce, "Nomau, kama can."
Muka miƙe ta tsakaninmu.
Ya aza albasa a tsakiya, riga ta lotsa.
Ya gangaro goro, goro ya yi ta kewaya.
"Haka rana take yi wa sarari.
Babu igiyar da ke jan duniya,
hanyar ce ta lanƙwashe."
Na ce, "Lokaci fa?"
Ya yi dariya har haƙorin makkansa ya fito:
"Shi ma kusa da mai nauyi jan ƙafa yake yi,
kamar talaka a ƙofar ofis."

Shekara goma sha ɗaya yana bin sawun tambaya guda:
in tauraro ya mutu ya haɗiye haskensa,
ina labarin abin da ya faɗa ciki yake zuwa?
Ya rubuta amsa, aka buga a ƙasar nesa,
aka yanka rago, har ni na sami ƙafa.

Bayan damina biyu, shi da kansa ya gano
wata 'yar sanda kwance, alamar ragi,
ta zauna inda ƙari ya kamata.
Kwana uku bai sha shayi ba.
Ran na huɗu ya aika wasiƙa cewa ya yi kuskure,
ya kewaye 'yar sandar da jan alli,
ya ce, "Goge ko'ina, ban da nan."

Ya rasu ranar Talata, lokacin mangwaro.
Abin da ya bari: littattafai akwati shida,
babur,
bashin mai shayi jikka biyu, wanda na biya.

Bara wata ɗaliba, Barira 'yar Kwanni,
ta yi mako uku tana tsayawa gaban kusurwar,
ba ta cewa uffan, tana cizon bayan biro.
Sai rannan ta juyo: "Baba, akwai sauran alli?"
Daga cikin jan da'irar ta fara,
ta cika allo, ta sauka kan bango.

Ban san ko ta kama tauraron ba.
Na dai san yanzu da safe
soso na bushewa a hannuna,
don wurin da aka hana ni gogewa
ya fi wanda aka bar mini yawa.