Rijiyar da Babu Ita

Shekara talatin da ɗaya na yi a ofishin safiyo,
bene na biyu, tagar da ke kallon duwatsun Shere,
ina sunkuye kan hotunan da jirgi ya ɗauko daga sama.
A jera biyu, a ɗora madubi mai ido biyu,
sai takarda ta kumbura:
tudu ya miƙe tsaye, kwari ya zurma.
Ni kuma in bi da alƙalami,
nan hanya, nan rafi, nan layin dogo ya nufi Bukuru.

Daga can sama Jos ba ta da murya.
Rufin kwano kamar shinkafar da ta zube a tabarma,
shingen kerana ya zagaye gonakin acca
kamar ɗinkin hannu a wuyan tsohuwar riga,
ramukan kuza cike da ruwa,
idanu ne da suka ƙi rufuwa.
Kyau dai akwai shi.
Har ramin da ya haɗiye Davou, abokin wasana,
ƙyalli yake yi kamar sabon sule.

Wata Laraba da hantsi
hoto mai lamba ɗari biyu da sha bakwai ya zo hannuna,
tsoho, gefensa ya fara ja.
Na duba kwanan wata: ina ɗan shekara tara.
Na bi Dilimi da bakin fensir,
na haye gada, na karya kwana wajen mai facin keke,
ga Gangare,
ga gidanmu.
Ƙwayar gero ta fi shi girma.
A tsakar gidan, wani ɗigo
da 'yar inuwarsa a gefe.

Ina jin na tuna ranar, ko kuwa zuciya ce ta ƙaga.
Mun fita da gudu ba takalmi
muna ɗaga wa ƙarfe hannu kamar ya san sunanmu.
Inna Tabawa ko kai ba ta ɗaga ba,
tana baza kuzar da ta rairayo tun asuba,
ta ce, ku bar shi,
wanda ke sama bai san nauyin ƙwarya ba.

Na ɗora madubi.
Ɗigon ya tashi kaɗan, kamar kan allura.
Ba fuska, ba kallabi,
ba kaushin tafin hannu,
ba tarin nan da ke tashe mu kafin ladan.
Oga Chollom ya tsaya a kaina, me ka gano?
Na ce ƙura ce a gilashi.
Ya ce to, goge.

A jerin alamomin taswira
akwai ta masallaci, akwai ta coci,
ta kasuwa, ta maƙabarta, ta turken waya.
Babu alamar mace mai shanya.
Na daɗe riƙe da alƙalami har tawada ta bushe,
na sake tsomawa,
na zana ɗan da'ira, alamar rijiya.
Gidanmu bai taɓa yin rijiya ba,
daga famfon bakin titi muke ɗauko ruwa.
Aka sa hannu, aka buga hatimi.
Ƙaryata ke nan guda a aikin gwamnati,
kuma ban tuba ba tukuna.

Jiya jikana Mudassir ya miƙo mini waya,
ya ja gari da yatsa biyu har ya buɗe.
Inda muka zauna, shagon tayil ne yanzu,
da mota fara a ƙofa.
Ya ce Kaka, a matso? Na ce bar shi haka.

Yanzu idan na ji rugugi ya nufi Heipang
sai in ajiye butar alwala,
in fita daga ƙarƙashin mangwaro,
in tsaya a fili, inda rana take,
don inuwata ta fito sosai.
Wa ya sani ko wani na can zai sunkuya wata rana,
yana neman ɗigo.